Difloma ta gyaran mota a Amurka: shin kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

A cikin watan Nuwamba na shekara ta 2025, shugaban kamfanin ƙera motoci na Ford, Jim Farley, ya furta wata magana da ta zagaya duniya. Ya ce akwai guraben aikin makanikai har 5,000 a garajojin dillalan motocin kamfaninsa waɗanda aka rasa masu cike su, alhali kuwa albashin aikin yana kaiwa dalar Amurka 120,000 a shekara. Ba a jima ba maganar ta iso mana ta wayoyin salula, aka yi ta tura ta daga wannan zaure zuwa wancan, har ta kai masu saurare suna bugo mana waya a gidan rediyo domin neman ƙarin bayani. Mafi yawan masu tambayar iyaye ne da ƴan uwan waɗanda ke zaune can, musamman a birnin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa, inda ƴan Nijar suka daɗe da kafa zango, da kuma unguwar Bronx ta birnin Niyok. Tambayarsu kusan guda ce: yaro ya gama sakandare a can, yana son ya bar zancen jami'a ya shiga kwaleji ta shekara biyu ya koyi gyaran mota, a bar shi ko a hana shi? Wasu kuma cewa suke, in haka abin yake, me zai hana a saida fili ko shanu a tura yaro daga nan?

Kafin mu shiga lissafi, ya kamata mu ja hankalin masu karatu cewa duk inda muka ce dala a cikin wannan sharhi, dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta kasuwa mai sefa 5 ba. Domin sauƙin lissafi kuma za mu ɗauki dala guda a kan sefa 600, ko da yake farashinta na hawa da sauka. A kan haka, albashin da shugaban na Ford ya ambata ya kama miliyon 72 na sefa a shekara, wato miliyon 6 kowane wata. Duk wanda ya ji wannan adadi dole hankalinsa ya tashi. To amma mai saye da hankali ba ya tsayawa ga kirarin mai talla, sai ya juya hajar ya duba bayanta.

Wace irin makaranta ce?

Abin da Amurkawa ke kira kwalejin al'umma makaranta ce ta gwamnatin jiha ko ta gunduma, wadda ake shiga bayan sakandare a yi shekara biyu a fito da ƙaramar difloma. Ta farko da aka fi sani an buɗe ta a garin Joliet na jihar Illinois a 1901, yanzu kuwa akwai kimanin 1,000 a faɗin ƙasar. Ba a cika tsananta sharuɗɗan shiga ba, ba kasafai suke da ɗakunan kwana ba, ɗalibi daga gidansu yake zuwa, da yawa kuma suna haɗa karatun da aiki. A nan ne talakan Amurka da ɗan baƙo ke koyon aikin jinya, walda, lantarki, gyaran na'urar sanyaya ɗaki da kuma gyaran mota. Kusa da Greensboro akwai kwalejin Guilford Technical, a Niyok kuma akwai kwalejin al'umma ta Bronx, dukansu biyu suna da sashen koyon aikin mota.

Kamar yadda muke auna hatsi da tiya, su ma suna auna karatu da wani ma'auni da suke kira kiredit. Difloma ta shekara biyu tana buƙatar kiredit 60 ko sama da haka, ta gyaran mota kuma takan doshi 70 saboda yawan aikin hannu. Ana koyar da inji, giya, birki, sitiyari, na'urar sanyi, wayoyin lantarki da yadda ake bincikar lahanin mota da kwamfuta, a haɗa da ɗan lissafi da Turanci.

Kuɗin da ake gani da wanda ba a gani

Alƙaluman cibiyar College Board sun nuna cewa a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, matsakaicin kuɗin makaranta a kwalejin al'umma ga ɗan gunduma dala 4,050 ne a shekara, wato kimanin miliyon 2 da jika 430 na sefa. A wannan shekarar, jami'ar gwamnati mai shekara huɗu tana karɓar dala 11,610 daga ɗan jiha, jami'a mai zaman kanta kuwa dala 43,350. A Karolina ta Arewa, a 2024, ɗan jiha na biyan dala 76 a kan kowane kiredit, wanda ba ɗan jiha ba kuma dala 268. Idan muka ce diflomar kiredit 70 ce, na farko zai biya dala 5,320 a shekara biyun, na biyu kuwa dala 18,760. Aji guda, malami guda, amma kuɗin ya ninka fiye da sau uku.

Bayan haka akwai tallafin gwamnatin tarayya da ake kira Pell, wanda ake bai wa ɗiyan masu ƙaramin ƙarfi kuma ba a maido shi. Iyakarsa a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 dala 7,395 ce, ka ga ya zarce kuɗin makarantar kansa. Wasu jihohin ma sun ɗauke kuɗin baki ɗaya ga mazaunansu, kamar Tennessee da ta fara a 2015 ga masu gama sakandare, da Massachusetts a 2024. Sai dai tallafin Pell na ɗan ƙasa ne, da mai katin zama na dindindin, da ɗan gudun hijirar da hukuma ta amince da shi. Wanda ya shigo da bizar ɗalibi ba ya ciki.

A gefe guda kuma akwai makarantun ƴan kasuwa masu koyar da wannan sana'a, waɗanda suka fi kowa iya talla a talabijin da intanet. Karatunsu ya fi sauri, shekara guda ko da ƴan watanni, amma kuɗin yakan kai dala 40,000 ko ya wuce. Yawancin masu shigarsu da bashi suke biya. Bashin karatu na gwamnatin tarayya yana da kuɗin ruwa, wanda ya haura kashi 6 cikin ɗari ga waɗanda suka ci shi a 2024 da 2025, kuma dokar Amurka ta sa yana da matuƙar wuya a yafe shi ko da mutum ya karye. Ga iyalan da ke gudun mu'amala da riba, wannan kaɗai ya isa dalilin tsayawa ga kwalejin gwamnati mai rahusa. Mai garajin da zai ɗauki yaro aiki kuwa, abin da hannunsa ya iya yake dubawa kafin sunan makarantarsa.

Kuɗin makaranta shi ne ƙaramin kaso na abin da ake kashewa. Al'adar garajin Amurka ita ce makanike ya zo da kayan aikinsa na hannu. Mai garaji na samar da na'urar ɗaga mota da manyan injuna, amma sifana, soket, akwatin ajiya da sauran tarkace na wuyan ma'aikaci. Mai farawa yakan kashe dubban daloli, wanda ya daɗe kuwa kayansa sukan kai na dubbai goma-goma. Motocin kamfanonin kayan aiki irin su Snap-on, Matco da Mac Tools suna zagaya garajoji kowane mako suna bada kaya bashi ana biya kaɗan-kaɗan, kamar dai yadda ƴan koli ke bi gida-gida a wajenmu. Yaron da bai iya kame ido ba, sai ya wayi gari wani ɓangare na albashinsa na tafiya wajen biyan akwati mai ƙyalli.

Babban kuɗin da mutane ke mantawa shi ne na lokaci. Bari mu buga misali da kanmu. A ce saurayi na iya samun aikin dala 15 a awa, a shagon saida kaya ko ma'ajiyar kamfani. Awa 40 a mako, mako 50 a shekara, ya tashi da dala 30,000. In ya shiga kwaleji ya koma yin rabin aiki, ya yi asarar dala 15,000 kowace shekara, wato 30,000 a shekara biyu. A haɗa da dala 5,320 na makaranta, a ƙiyasta wasu 5,000 na kayan aiki da littattafai, jimilla ta kai dala 40,000, kimanin miliyon 24 na sefa. Wannan shi ne ainihin farashin diflomar ga ɗan jiha, ko da kuwa takardar makaranta 5,320 ta nuna.

Abin da ke shiga aljihu

Yanzu sai mu duba ɗaya kafaɗar ma'aunin. Hukumar ƙididdiga ta ma'aikatar ƙwadagon Amurka ta nuna cewa a watan Mayu na 2024, albashin tsakiya na makaniken mota dala 49,670 ne a shekara. Ma'anar albashin tsakiya ita ce, in aka jera makanikan ƙasar su kimanin 800,000 daga mai ƙaramin samu zuwa mai babba, wannan ne abin da na tsakiyar layi ke samu. Kashi 10 cikin ɗari na ƙasan layi ba su kai dala 34,000 ba, kashi 10 na sama kuma sun haura 80,000. Albashin tsakiya na dukan ma'aikatan Amurka a wannan lokaci dala 49,500 ne. Kenan makanike yana tsaye ne daidai tsakiyar jama'a, bai fi kowa ba, ba a kuma fi shi ba. Makaniken manyan motoci masu gazuwal yana samun kimanin 60,000, mai aikin lantarkin gine-gine kuma sama da 62,000.

Ina dala 120,000 ta shiga kenan? Akwai masu samunta, amma tsiraru ne daga cikin wancan kashi 10 na sama, ƙwararrun da suka shekara da shekaru suna sauke inji da giyar manyan motoci. Shi kansa shugaban na Ford ya ce sai an shekara biyar ana koyo kafin a iya irin wannan aiki. Abin da ya faɗa rufin ɗaki ne, yaron da ya fito daga kwaleji kuwa daga daɓe yake farawa: canjin baƙin mai, sauya taya, gyaran birki.

Kada kuma mu ruɗu da juya dala zuwa sefa. Dala 49,670 ta kusa miliyon 30 na sefa, kuɗin da zai gina gida a Maraɗi ko Damagaram. Amma mai samunta a can yake zaune, can yake biyan haraji, haya, inshorar lafiya da ta mota, can yake cefane. Abin da ke saura a ƙarshen wata shi ne ake iya aikowa gida, kuma duk wanda ke da ɗan uwa a Amurka ya san ba kullum ake samun saura ba.

Idan muka koma ga misalinmu, saurayin da ya zuba dala 40,000 zai fara aiki da albashin da bai fi na shagon da ya baro da komai ba, watakila ratar dala 4,000 ko 5,000 a shekara. Sai ya kai tsakiyar layi ne ratar za ta kusa dala 20,000 a shekara. A ƙiyasinmu, zai ɗauki shekara huɗu zuwa shida bayan gama karatu kafin ya maida uwar kuɗinsa, daga nan riba ta fara. Ga mai shekara 20 wannan ciniki ne mai kyau, domin yana da sauran shekaru masu yawa na cin moriya, aikin shago kuwa ba ya da matakalar hawa. Ga wanda ya ci bashin dala 40,000 a makarantar ƴan kasuwa, farashin ya kusa ninkawa, ga kuɗin ruwa na tafiya, albashin farko kuma bai canza ba.

Awar littafi

Akwai wani tsarin biyan albashi da ya kamata iyaye su fahimta, domin shi ne ke korar matasa da yawa daga sana'ar. A garajojin dillalai da dama ba a biyan makanike a kan awoyin da ya yi a wurin aiki. Akwai littafin da ya ƙayyade wa kowane gyara lokacinsa. In littafi ya ce gyaran birki awa biyu ne, kai ka gama cikin awa guda da rabi, za a biya ka awa biyu, ka ci riba. In kusa ta yi tsatsa ta ƙi kwancewa ka ɓata awa huɗu, awa biyun dai za a biya ka. In kuma mota ba ta shigo ba, ka wuni a tsaye babu ko sisi, sai dai ɗan abin da doka ko yarjejeniyar aiki ta tanada. Gyaran motar da ke ƙarƙashin garanti kuwa, makanikai sun daɗe suna kukan cewa awoyin da kamfani ke ƙayyade masa sun yi kaɗan. Mai mota yakan biya garaji sama da dala 100 a kan awa guda, amma wani kaso ne kawai ke isa hannun wanda ya shiga ƙarƙashin motar.

A lissafa: wanda ake biya dala 40 a kan awar littafi, in yana son ya tara 120,000, sai ya cika awa 3,000 a shekara, wato awa 60 kowane mako har mako 50. Gwani mai sauri a garajin da ke da ciniki zai iya. Sabon shiga ba zai iya ba. Ga kuma jiki: baya, gwiwa da kafaɗa suna karɓar rabonsu, ba kowa ke kai shekara 55 yana duƙe kan inji ba. Saboda haka ƙarancin makanikan da kamfanoni ke kuka da shi yana da fuska biyu. Ana ƙarancin masu shiga, ana kuma asarar waɗanda suka shiga suka ɗanɗana suka fita.

Me takardar ke saye?

Wani zai ce, ai a wajenmu ba a zuwa lakol domin a zama makanike, aparanti ake shiga wajen maigida a shekara biyar ko bakwai a samu ƴanci. A Amurka ma, a mafi yawan jihohi doka ba ta tilasta wa makanike mallakar difloma ba. Yaro na iya shiga garaji kai tsaye ya fara da canjin mai, ana biyansa yana koyo. Don haka gwajin gaskiya shi ne a kwatanta mai difloma da wannan yaron, wanda bai biya makaranta ba kuma bai yi asarar albashi ba.

Abu uku muke ganin diflomar ke ƙara wa mai ita. Na farko, takardar da masu garaji suka fi girmamawa ita ce shaidar ƙwarewa ta cibiyar ASE, wadda aka kafa a 1972. Kafin a ba mutum ita sai ya ci jarrabawa kuma ya nuna shekara biyu ta aikin hannu, amma karatun shekara biyu yana tsaya masa a madadin shekara guda. Wanda ya ci jarrabawa takwas na fannonin mota shi ake kira babban gwani, kuma duk shekara biyar sai an sabunta. Na biyu, ilimin lantarki da kwamfuta. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake saidawa a Amurka wata kafa da ake jona na'urar bincike, motar yau kuwa tana ɗauke da ƙananan kwamfutoci masu yawa da ke magana da junansu. Kwance inji ana koyonsa da kallo, amma karanta taswirar wayoyi da bin sawun lahanin da ido ba ya gani yana son allo da malami, kuma nan ne kuɗin sana'ar ya koma. Na uku, hawa gaba: shugabancin garaji, koyarwa, ko aiki da hukumar gari da kamfanonin sufuri masu biyan albashi tsayayye, duk sun fi sauƙi ga mai takarda.

Hanyar da ta fi kowace armashi ita ce wadda kamfanonin motoci suka shirya tare da kwalejojin. General Motors na da shirin ASEP tun 1979, Ford na da ASSET, Toyota na da T-TEN, Honda kuma PACT. Ɗalibi yakan yi wasu makonni a aji, wasu makonni a garajin dillali ana biyansa, haka har ya gama. Wannan ya rage asarar albashin da muka lissafa, ya ba shi awoyin aikin hannu, sau da yawa kuma wurin da ya yi koyon ne ke riƙe shi. In muka duba da kyau, tsarin aparanti ne irin namu aka ɗaura masa aji da albashi.

Sai dai akwai rami guda da ya fi kowane zurfi, wato rashin gamawa. Ƙididdigar Amurka ta daɗe tana nuna cewa ƙasa da rabin masu shiga kwalejin al'umma ne ke fita da wata takarda cikin shekara shida. Aiki, haya, hidimar iyali da raunin Turanci ko lissafi su ke kada su. Ɗiyan baƙi na da wani nauyin na daban, domin ana jiran aikensu a gida. Wanda ya yi shekara guda ya watsar, ya yi biyu babu. Iyayen da ke son yaro ya gama, sai su rage masa yawan buƙatu na tsawon shekara biyun.

Sana'ar za ta ɗore?

Wasu na fargabar cewa motoci masu aiki da batir za su kashe sana'ar, tun da ba su buƙatar canjin baƙin mai, ba su da fulogi ko salansa. Gaskiya ne hidimarsu ta yau da kullum ta fi kaɗan. Amma a 2024 ba su wuce kimanin kashi 8 cikin ɗari na sabbin motocin da aka saida a Amurka ba, kuma rangwamen harajin dala 7,500 da gwamnati ke bai wa masu sayensu ya ƙare a ƙarshen Satumba na 2025. A ɗaya gefen, cibiyar S&P Global Mobility ta ce matsakaicin shekarun motar da ke kan titin Amurka ya kai 12.8 a 2025, adadin da ba a taɓa gani ba. Sabuwar mota ta yi tsada, mutane na riƙe tsofaffi, tsohuwar mota kuwa abincin makanike ce. Hukumar ƙididdigar ƙwadago na hasashen guraben aiki kimanin 70,000 kowace shekara, akasari domin maye gurbin masu ritaya da masu barin aikin. Ita ma motar batir tana da birki, taya, na'urar sanyi da lantarki mai ƙarfin da zai iya kisa, wanda sai mai horo ke taɓa shi.

Mai son tasowa daga nan

Ga masu tunanin saida kadara su tura yaro, lissafin ya sha bamban. Ɗalibin waje yana biyan kuɗin baƙo, ba ya samun tallafin Pell, sai ya nuna shaidar kuɗin da zai riƙe shi kafin a ba shi biza, kuma doka ta taƙaita masa aiki zuwa awa 20 a mako a cikin harabar makaranta lokacin karatu. Bayan ya gama, izinin aikin da ake ba shi na wata 12 ne. Kenan zai biya farashi mafi tsada, sannan a tsaida shi tun kafin shekarun riba su zo. Bugu da ƙari, a watan Disamba na 2025 gwamnatin Donald Trump ta saka Nijar, Mali da Burkina Faso cikin jerin ƙasashen da aka dakatar da bai wa ƴan ƙasarsu bizar shiga Amurka daga 1 ga Janairu na 2026, ta kuma taƙaita wa ƴan Najeriya da Benin wasu nau'o'in biza, har da ta ɗalibai. Chadi da Sudan tun watan Yuni na 2025 suke cikin jerin. Duk wanda ya zo maka da alƙawarin zai samo wa ɗanka gurbi da biza in ka ba shi miliyoyi, ka riƙe kuɗinka.

Amma akwai darasin da ya shafe mu kai tsaye. Da yawa daga cikin motocin hannu da ake saukewa a tashoshin ruwan Kwatano da Lome daga Amurka suke fitowa, da kwamfutocinsu da komai. Kowa ya san yadda ake yi in fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba a garajojinmu: a canza wannan, a canza wancan, mai mota na biya, har a dace ko a gaji. Makanikanmu gwanaye ne wajen inji da ƙarfe, sun raya motocin da masu ƙera su suka daɗe da mantawa da su, amma kaɗan ne suka samu damar koyon lantarkin motar zamani. Ilimin da ke raba mai dala 34,000 da mai 80,000 a Amurka, shi ne wanda ya yi ƙaranci a Yamai, Tawa da Ƙonni. Miliyon 11 na sefa da baƙo zai biya kuɗin makaranta kaɗai a Karolina ta Arewa, sun isa a horar da yaro a nan, a saya masa na'urar bincike da kwamfuta, a kuma kafa masa rumfa. Cibiyoyin koyon sana'a da magabata suka buɗe a cikin kwaminoni, da asusun FAFPA mai tallafa wa horon sana'a, nan ya kamata su maida hankali, su haɗa aji da garajin maigida kamar yadda kamfanonin can suka yi.

Amsarmu ga iyayen da suka tambaya ita ce: in yaro yana da takardun zama, ku bar shi ya shiga, amma da sharuɗɗa. Ya zaɓi kwalejin gwamnati ta jihar da yake zaune, ya cike takardar neman tallafi kafin ya saurari zancen bashi. Ya nemi shirin da ke haɗa shi da garaji tun shekarar farko. Ya tambayi makarantar mutum nawa suka shiga, nawa suka gama, ina suke aiki yanzu, ya kuma je ya zauna da makanikai biyu ko uku ya ji yadda ake biyansu. Ya sayi kayan aiki daidai buƙata. Ya bada ƙarfi ga lantarki ko manyan motocin gazuwal. Ku kuma a gida ku sa a ranku cewa albashin tsakiya zai samu bayan wasu shekaru, kada ku fara rabon miliyon 6 na wata tun yaro bai riƙe sifana ba. In an kiyaye waɗannan, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu, sannu a hankali. Allah ya yi wa ɗiyanmu jagora a duk inda suke neman halalinsu.